Daren da motar kawuna ta kwana a tsakiyar teku

Wata Talata da asuba na buɗe taswira a kwamfutata, sai ga babbar motar kawuna, wadda ta yi lodin wake a Dawanau za ta Legas, zaune daram a cikin tekun Atilantika, kudu da Ghana. Awa tara ba ta motsa ba. Na kira direba na ce, "Baba, barka da asuba, ina aka kwana?" Ya ce, "Mokwa, ɗana. Ga ni ma gaban mai shayi. Lafiya dai?" Na ce lafiya lau, na kashe waya. Ban faɗa masa dalilin kiran ba, don a lokacin bai san akwai abin da ke bin sawunsa a motar ba.

Ƙannena masu koyon rubuta umarnin shel, wato umarnin da ake buga wa kwamfuta a rubuce, ga yadda aka yi. Kawu ya gaji da jayayya kan kuɗin mai da kwanakin hanya, ya ce tunda na yi karatun kwamfuta in haɗa masa abin da zai riƙa nuna inda mota ta bi. Na samo 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da 'yar na'urar GPS, na ɗora gpsd, manhajar da ke karanta bayanan GPS, na rubuta sikirif na Bash, wato jerin umarni a fayil ɗaya, da bai kai layi arba'in ba. Kowane minti cron, mai tashin ayyuka a kan lokaci, ya tashe shi, gpspipe ya zuba masa bayanai, jq ya tsamo lambobin wuri da lokaci, a rubuta a fayil. A ɗakina, kusa da taga, ya yi aiki sumul. Har hoto na ɗauka.

Abin da ban kula ba shi ne, idan na'urar ba ta kama taurarin ɗan'adam ba, gpsd yakan turo saƙonsa babu lambobin wuri a ciki. Ni kuwa don kada sikirif ya yi tuntuɓe na ce duk inda aka samu giɓi a sa sifili. Sifili da sifili wuri ne na gaske, mahaɗar layin Ikwaita da layin Girinic, a mashigin tekun Gini, kimanin kilomita 600 daga gaɓar Ghana. Baba ya faka ƙarƙashin rumfar kwano, sama ta rufe, sikirif ya jefa shi ruwa. Maganin layi ɗaya ne. A saƙon gpsd akwai gurbi mai suna mode: 1 ba a kama komai ba, 2 an samu wuri babu tsawo, 3 an samu duka. In bai kai 2 ba, kada ka rubuta wuri, rubuta cewa babu. Giɓi na gaskiya ya fi cikon ƙarya.

Wannan dai abin dariya ne. Wanda ya hana ni barci yana gaba.

Tsarina na kulle bayanan shi ne a yi ta tara su a fili duk yini, ƙarfe sha biyun dare cron ya kira manhajar openssl ta kulle fayil da tsarin ɓoye bayanai na AES-256, sannan rm ya goge na fili. Ina ta fariya da wannan 256 ɗin kamar ni na ƙirƙiro shi. Bayan kusan wata guda mota ta shiga gareji, yaran bakanike suka ciro akwatin suna neman wata waya da ta ƙone, ya yini a kan benci, da yamma aka miƙo wa kawu. Na zare katin memori na sa a kwamfuta. Gabana ya faɗi. Fayilolin kwana ashirin da wani abu suna nan tsirara, ko yaro ya buɗe zai karanta. Dalili kuwa, akwatin daga makunnin mota yake shan wuta, kuma sha biyun dare mota a kashe take. Shi cron ba ya rama bashi: in lokacin aiki ya wuce na'ura na kashe, ya wuce ke nan.

'Yan kwanakin da aka kulle ma an gudu ne ba a tsira ba. Kalmar sirrin tana cikin sikirif ɗin, a layi na shida, a kan katin nan dai. Na sa wa ƙofa kwaɗo mai tsada na rataye mabuɗi a jikin ƙusar da ke gefe. Ko da katin bai fita ba, kalmar sirrin da aka ba umarni kai tsaye tana iya bayyana ga duk mai amfani da na'urar da ya buga ps, umarnin da ke nuna ayyukan da ke gudana, a daidai lokacin. Sannan rm ba ya goge abin da ke cikin fayil, sunan kawai yake cirewa daga jeri. Na ce to shred fa, mai danne abin da ke cikin fayil da sabon rubutu? Shi ma a katin memori ba abin dogaro ba ne, don katin da kansa yake zaɓar inda zai ajiye sabon rubutu, ba lallai a kan tsohon ba.

Na zauna na karanta abin da ke ciki, kuma ban ji daɗin kaina ba. Ga inda Baba yake kwana a kowace tafiya, ga ƙarfe nawa yake tashi, ga gidansa, ga wani ƙauye da yake ratsewa duk dawowa. A hanyoyin da masu garkuwa da mutane ke tare motoci, wannan ba lissafin mai ba ne, jagora ne na rubuta wa ɓarawo da hannuna.

Gyaran da ya tsaya shi ne kulli mai mabuɗi biyu. Ɗauki ɗayan a matsayin buɗaɗɗen kwaɗo: kowa na iya datse shi, amma ba ya buɗewa. Shi ake sa wa a mota. Ɗayan, mabuɗin gaske, yana gida, bai taɓa shiga akwatin ba. GnuPG yana yin wannan tun ƙarshen shekarun 1990, amma ni na koma wani makamancinsa mai suna age, wanda ya kai siga ta 1.0 a 2021, saboda ba shi da tarkacen saituna, kuma kwaɗonsa layi ɗaya ne da za ka liƙa a sikirif ba fargaba. Muhimmin abu shi ne bututu, wato umarni ya miƙa wa na gaba bayani kai tsaye ba tare da an ajiye a fayil ba. Bayani ya fito daga gpspipe, ya ratsa jq, ya faɗa age, sai kullalle ne zai taɓa kati. Na daina tara na yini guda, na koma ƙananan fayiloli na minti goma goma. Kowanne a rubuta shi da sunan wucin gadi, in ya kammala mv ya ba shi sunansa, don in wuta ta yanke a tsakiya kada rabin fayil ya yi kama da cikakke. Sa umask 077 a sama don mai fayil kaɗai ya iya karantawa, sa set -o pipefail don kada mutuwar umarnin farko ta ɓuya bayan nasarar na ƙarshe, sa flock don kada sikirif biyu su hau kan juna. Ka kuma bi da shi ta ShellCheck, mai duba kurakuran sikirif, kafin ka yarda da idonka.

Agogo ma ya yi min tsiya. Irin Raspberry Pi da nake da shi ba shi da agogo mai batir, in babu intanet sai ya farka da lokacin da ya wuce. Ina sa wa fayil suna da date, umarnin da ke faɗin lokacin na'ura, sai suna ya maimaitu, alamar > mai zuba bayani a fayil kuma ta danne na jiya ba sallama. Ɗauki lokaci daga saƙon GPS ɗin. Ka dai tuna agogon UTC ne, wato na Girinic, na Najeriya da Nijar yana gabansa da awa ɗaya. Saura ƙiris in sa kawu ya zargi mutum da ƙarya kan wannan awar.

Akwai kuma wulaƙancin da na sha wajen buɗe tsofaffin fayilolin openssl. Na kulle su da tsohuwar siga, na zo buɗewa a sabuwar kwamfuta, ta ce ba ta san zancen ba. Kwana uku ina rantsuwa kalmar sirri daidai take. Ashe daga siga ta 1.1.0, wadda ta fito a 2016, an sauya hanyar sarrafa kalmar sirri daga MD5 zuwa SHA-256, sai ka ƙara -md md5 tsohon kulli zai buɗe. Tun daga nan duk Juma'a nakan ɗauki fayil ɗaya in buɗe a wata kwamfuta daban. Mabuɗin gida kuma na buga shi a takarda, yana cikin akwatin ƙarfen kawu tare da takardun fili, don in ya ɓata babu wanda zai dawo maka da ko layi ɗaya.

Baba ya ji labari a gareji, ba daga bakina ba. Da ya dawo Kano ya same ni a ƙofar shago, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, shekara goma sha huɗu ina jan motar kawunka. Da ka ce min za ka sa, ni zan nuna maka inda ruwa ba ya taɓawa." Ƙauyen da yake ratsewa kuwa, mahaifiyarsa ce a can, tana fama da ciwon ƙafa. Da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige.

Kada ka ce ai ba suna a fayil. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan bayanan wayar mutum miliyan ɗaya da rabi ya nuna wuri huɗu da lokutansu sun isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen. A farkon 2018 taswirar masu motsa jiki ta Strava ta tona fasalin sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya, ba tare da an fasa kullin kowa ba. A Najeriya kuma akwai dokar kare bayanai ta 2023. In wani ya zo maka da kuɗi ya ce ka sa wa matarsa ko budurwarsa irin wannan a ɓoye, ka ce masa Allah ya ba da haƙuri. An zo min sau biyu.

Da muka zauna mu uku muka sake tsari. Lamba biyar bayan ɗigo tana nuna wuri har kusan mita ɗaya, wato ƙofar ɗaki. Don lissafin mai lamba uku ta isa, kimanin mita 110, sai na datse sauran kafin a kulle. Abin da ya haura kwana talatin a goge. Sannan na sa makunni kusa da sitiyari, a hannun Baba yake. Kawu ya ɗan yi gunaguni, ya haƙura.

Watan jiya wani dillali a Legas ya ce kaya sun makara kwana biyu, zai rage kuɗi. Baba da kansa ya bugo ya ce, "Ɗana, buɗe abin nan naka ka tura masa." Na buɗe, ga mota a ƙofar sito tun daren Lahadi. A sauran taswirar kuwa, kowane dare layin yakan yanke wajen ƙarfe tara, ya ci gaba bayan sallar asuba, wani lokacin daga 'yan kilomitoci gaba.