Godiya ga malamai da mahalarta taron marubutan intanet

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, taro ya tashi lafiya. Mu 'yan kwamitin shirye-shirye muna miƙa godiya ga malamanmu da suka gabatar da darussa ba su karɓi ko sisi ba, da 'yan uwan da suka yi sammako daga garuruwa masu nisa da kuɗin motarsu, da iyaye da mazajen da suka amince 'yan uwanmu mata suka zo aka yi da su. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Godiya ta musamman ga malaman da suka ƙi tafiya bayan sun sauka daga mumbari, suka ja kujera suka zauna kusa da ɗalibai, kowa ya buɗe kwamfutarsa ko wayarsa ana duba matsala ɗaya bayan ɗaya. A ganinmu nan ne ribar taron take. Matsalar da mutum ya yi wata da watanni yana fama da ita shi kaɗai cikin dare, sai ga wanda ya taɓa cin karo da ita ya leƙo ta kafaɗarsa ya nuna masa inda zai taɓa.

Zaman haruffa masu lanƙwasa shi ya fi jan lokaci, kuma ya cancanta. An nuna wa masu waya yadda za su ƙara Hausa a Gboard, wato allon rubutu na waya na kamfanin Google, domin samun ɓ da ɗ da ƙ, a daina rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa. Sai dai an ja kunne a kan adireshin rubutu, wato mahaɗin da ake dannawa a buɗe rubutun a intanet. Idan aka bar harafin ƙ a cikinsa, lokacin da aka kwafe shi zuwa WhatsApp yakan rikiɗe ya koma %c6%99, adireshi ya yi tsawo ya yi muni, wani ma ya ji tsoron dannawa. Maganin shi ne a sa lanƙwasa a take da gundarin rubutu, amma a gyara adireshin da hannu ya zama haruffa marasa lanƙwasa zalla kafin a wallafa. Bayan an wallafa kuwa, canza adireshi yana kashe duk mahaɗin da aka riga aka raba, sai in an yi masa turawa ta 301, wato umarnin da ke kai mai danna tsohon adireshi zuwa sabon. An kuma gargaɗi masu zaɓen salon harafi don ado kawai: wasu salon haruffan ba su ɗauke da haruffanmu, sai mai karatu ya ga ɗan akwati ko harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma. A gwada da kalma irin ɓarauniya ko ƙwanƙwasa kafin a amince da shi. 'Yan uwanmu na Nijar sun tuna mana cewa su ƴ suke rubutawa a inda muke sa 'y, don haka mai son a same shi a ɓangarorin biyu ya san da wannan.

Mun gode wa wanda ya ɗauki darasin hotuna. Hoton da waya ta ɗauka kan kai megabait uku ko fiye, kuma yawancin masu karanta mu da ƙaramar data suke shigowa. A rage faɗinsa zuwa fiksel 1200, a mayar da shi WebP, wato nau'in hoto mara nauyi, a yi ƙoƙari kada ya wuce kilobait 200. Hoton da zai fito idan an raba rubutu a Facebook kuma, faɗin fiksel 1200 da tsayin 630 ne ke zama daidai ba a yanke kan mutum ba.

A ɓangaren tsaro, abin da ya fi ɗaga hankalin jama'a shi ne batun mallakar sunan shafi, wato sunan da ake rajista wanda ake rubutawa a shiga shafin. Da yawa sun gano cewa da imel ɗin wanda ya gina musu shafin aka yi rajista, wato a takarda ba nasu ba ne. Kowa ya koma ya tabbatar sunan yana hannunsa, ya rubuta ranar sabuntawa ta shekara, ya kunna tabbaci mai mataki biyu, wato neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri, ya kuma ajiye kwafin shafin a wani wuri daban da inda shafin yake zaune. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, kada a dogara da shi.

An yi maganar kuɗi ba ɓoye-ɓoye. AdSense, tsarin Google na sa talla a shafi, ba ya biya sai kuɗi sun kai dala 100, danna tallan kanka ko sa abokai su danna yana jawo rufe asusu, kuma a duba jerin harsunan da suke karɓa kafin a ɗora buri a kai. Lauyar da ta zo ta yi mana bayanin dokokin Nijeriya: Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wanda aka yi wa gyara a 2024. Hajiya, mun gode da haƙurin amsa tambaya ɗaya sau uku.

Akwai kuma abin da ba ya cikin jadawali. Rubutu a intanet aikin kaɗaici ne, ga zagin masu sharhi, ga ranakun da ba wanda ya leƙo. Mutanen da suka shekara suna karanta juna sun ga fuskar juna, sun yi sallah sahu ɗaya, sun ci abinci kwano ɗaya. Mai rubutun noma ya samu mai ɗaukar hoto, mai fassara ta samu mai duba mata rubutu. Muna roƙon duk wanda ya karɓi lambar wani ya tuntuɓe shi cikin makon nan tun ba a manta fuska ba.

Muna neman afuwa kan tsaikon da aka samu da wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi, da ƙarancin soket da ya sa wasu suka tsaya jikin bango suna caji. Laifinmu ne, mun ƙirga kujeru ba mu ƙirga na'urori ba. Intanet ɗin zauren ma ya yi nauyi saboda kowa yana sauke manhaja a lokaci guda. Nan gaba za a aika jerin abin da za a sauke tun daga gida.

Akwai caja biyu da littafin rubutu mai koren bango da aka manta a sahun baya, suna hannun sakataren kwamiti. Allah ya sa kowa ya isa gida lafiya, ya tarar da iyali lafiya.