Injin da ake saya da ilimin da ba ya zuwa a akwati

Na shiga karatun digiri na biyu a fannin tattalin arzikin fasaha da ci gaba da amsata a aljihu, tun kafin a yi mini tambaya. A ganina ƙasashe matalauta sun tsaya a baya ne don ba su da injuna. A sayo inji, a ja wutar lantarki, a raba kwamfuta, shi ke nan. Shekara biyu aka yi ana warware mini wannan tunani zare-zare.

Wanda ya fara girgiza ni masanin tattalin arziki Robert Solow ne. A 1957 ya nuna cewa abin da ma'aikaci ke samarwa cikin sa'a ɗaya a Amurka ya ninka tsakanin 1909 da 1949, amma ƙarin jari, wato injuna da gine-gine, kashi ɗaya cikin takwas kawai ya bayyana. Sauran kashi bakwai ya kira su sauyin fasaha, alhali ragowa ce da lissafi ya kasa kamawa. Na daɗe ina juya wannan a raina.

Labarin lantarki ne ya ƙarasa buɗe mini ido. Mai ƙirƙire-ƙirƙire Thomas Edison ya kunna tasharsa ta samar da wutar lantarki a New York a 1882, amma sai wajen shekarun 1920 amfanin wutar ya fito fili a alƙaluman masana'antu. Masanin tarihin tattalin arziki Paul David ya bayyana dalili a 1990. Tsofaffin masana'antu an gina su ne kewaye da babban injin tururi guda ɗaya, mai juya dogon ƙarfe a saman ɗaki, kowane inji yana rataye da shi da bel. Da lantarki ya zo, masu masana'anta suka cire injin tururin suka sa babban injin lantarki a gurbinsa, komai ya ci gaba yadda yake. Riba ba ta taka kara ta karya ba. Sai da aka ba kowane inji ƙaramin injin lantarki mai juya shi, aka daina gina benaye aka shimfiɗa masana'anta a ƙasa, aka jera injuna bisa tafiyar aiki, aka koya wa ma'aikata sabon tsari, sannan abin ya yi armashi. Kusan shekara arba'in ke nan, a Amurka kanta.

Daga nan na fara karanta sauran misalai da wani ido. A Peru an raba wa yaran firamare na karkara ƙananan kwamfutoci, binciken da aka fitar a 2012 kuma bai ga ƙaruwa a makinsu na lissafi da harshe ba. A Kerala ta Indiya kuwa, masanin tattalin arziki Robert Jensen ya nuna cewa da masunta suka samu wayar hannu tsakanin 1997 da 2001, asarar kifin da ba a sayar ba ta kusa ƙarewa, ribarsu ta ƙaru da kashi 8 cikin 100. Masuntan sun riga sun san sana'arsu, suna da jirage da kasuwanni. Labarin farashi kaɗai suka rasa, waya ta cike gurbin. Yaran kuwa an miƙa musu na'ura ba a taɓa yadda ake koyar da su ba.

Duk da haka, da na zo rubuta kundina a kan ƙananan masana'antu, tsohuwar ɗabi'a ta dawo. Takardar tambayoyina cike take da ƙidayar injuna: nawa ne, yaushe aka saya, daga ina. Malamin da ke duba aikina ya karanta shiru, ya ɗago ya ce, "To, idan injin ya lalace, wa ke gyara shi?"

Na ce, "Malam, ban sa wannan ba."

Na koma na sake takardar daga farko. Na ƙara tambaya kan kwana nawa inji ke yi a tsaye kafin a samu mai gyara, ina ake samo kayan gyara, wa ya koya wa mai sarrafa shi, kuma ko an taɓa sauya wani abu a jikinsa don ya dace da aikin wurin. Wannan ta ƙarshe ita ce masu masana'antar suka fi daɗewa suna amsawa, wasu har sai sun ja ni cikin ɗakin aiki sun nuna mini da hannu.