Soya Sos Ɗin Japan a Kicin Ɗinmu

Gidan abincina ƙarami ne, a nan cikin Kano. Abin da ya fi fita shi ne soyayyiyar shinkafa, taliya da gasasshiyar kaza, sai odar biki da suna a ƙarshen mako. A duk kayan da nake sarowa, babu wanda nake ƙirga cokalinsa kamar soya sos ɗin Japan, don kuɗinsa dala yake bi, kuma tun da aka saki naira a 2023 farashinsa bai sake tsayawa wuri ɗaya ba.

Duk yarinyar da na ɗauka aiki da tunani guda take zuwa, wai wannan baƙin ruwan na rina shinkafa ne. Sai ta kama kwalba ta yi ta tuttulawa tana jiran kala, kala ba ta zo ba, gishiri ya kashe tukunya. Mai rina abinci daban ne, shi ne mai kaurin nan na 'yan Sin da ake ƙara wa ƙonannen sukari. Na Japan tsinkakke ne. Ɗiba a farin cokali ki ɗaga a haske, ja-ja za ki gan shi. Aikinsa ƙamshi da ɗanɗano, kuma gishirinsa ya kai wajen kashi 16 cikin 100.

Abu huɗu ake haɗa shi da su: waken suya, alkama, gishiri, ruwa. Ana turara waken, a gasa alkamar a ɓarza, a cakuɗa su da wata irin fumfuna da suke kira koji, sannan a zuba a ruwan gishiri a bar shi watanni yana nuna kafin a tace. Wadda ta san yadda ake rufe kalwa har ta zama daddawa ta riga ta fahimci zancen, sai dai nasu ya fi daɗewa. Shi ya sa kafin in biya kuɗi nake juya bayan kwalba in karanta. In na ga an jera kala da sinadarai barkatai, na san na gaggawa ne wanda aka narkar da wake da asid, sai in mayar musu kayansu.

Wanda ya fi samuwa a manyan kantuna shi ne Kikkoman, kamfanin garin Noda da ke kusa da Tokyo, wanda aka kafa a 1917. Ba kowace kwalba ce daga Japan take tasowa ba, suna da masana'anta a Amurka da Singafo da Holan. Irin wannan na yau da kullum sunansa koikuchi, shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na abin da Japanawa ke yi. Akwai usukuchi na yankin Kyoto da Osaka, mai hasken kala amma ya fi gishiri, da tamari wanda alkamarsa kaɗan ce ko babu.

Ƙa'idarmu a kicin ita ce, ranar da sos zai shiga, gishiri ba ya shiga, dunƙulen magi kuma a rage shi rabi. A soyayyiyar shinkafa sai an kusa saukewa muke zubawa, kuma ta gefen kasko inda ƙarfe ya yi zafi, ba a tsakiyar shinkafa ba. Zai yi cuuu, ƙamshi ya tashi har bakin titi, sai a juya da sauri a sauke. Kaza kuwa muna jiƙa ta da sos, citta ɗanya, tafarnuwa da ɗan zuma, amma ba ma bari ta kwana a ciki, don gishirin yana tsotse ruwan naman ya bar shi da tauri. A kan gawayi ma sai a ƙarshe ake shafa ragowar, saboda saurin ƙonewa yake ya yi ɗaci. Awara ce ta ba ni mamaki. Japanawa suna cin tasu da sanyi, da sos da citta da ganyen albasa. Mu muka soya tamu muka ƙara attarugu, yanzu 'yan makaranta ba sa bari ta kai la'asar. Miyar kuka dai ban yarda a sa mata ba, tana da nata.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi. Wani dattijo da ke aiko direba kullum ya zo da kansa, ya ce, "Hajiya, an ce abin nan akwai giya a ciki." Na ce, "Alhaji, wajen nunar alkamar yana fitar da barasa wajen kashi 2 cikin 100." Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan, ni kuma ba mai fatawa ba ce, mai girki ce. Abin da na yi shi ne komawa kan wanda aka buga wa tambarin halal, ko da ya fi wuyar samu, kuma kwalbar tana kan kanta don mai son gani ya gani. Mirin, wato ruwan shinkafa mai zaƙi da Japanawa ke haɗa teriyaki (sos ɗin gasa nama) da shi, barasarsa ta kai kashi 14, shi kam bai taɓa shiga kicin ɗina ba, zuma ko sukari suna tsaya masa.

Zafin Kano ba ya raga wa kwalbar da aka buɗe. Iska na shiga take fara baƙi, ƙamshi ya gudu. Don haka babbar jarka tana firji, a tsiyaya na yini a ƙaramar roba mai murfi. Lokacin bazara da wuta ke wuya kuwa, ƙananan kwalabe nake saye duk da sun fi tsada.