Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarar da Na Kawo Injin Ban Ruwa Gida

A makon jiya na tsaya a inda na bar aikin lada a gonakin noman rani na Kadawa, na ɗaure 'yan kuɗin da na tara a lalita, na shiga Kano na sayi injin ban ruwa da tiyonsa. Wannan ya faru ne a ƙarshen daminar 1987, shekarar da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, har ya zama duk wanda yake da fadama da ruwa a kusa ba shi da wata magana sai ta alkama. Kafin in faɗi abin da injin nan ya jawo tsakanina da ƙanin mahaifina, wajibi ne in bayyana wa mai karatu yadda ƙasarmu take, domin wanda bai san fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru ba zai ɗauka rigimar gona ce irin wadda aka saba.

Lokacin ƙuruciyata, fili ɗaya yakan ciyar da mutane iri uku a cikin shekara guda, kuma ba su cika haɗuwa da juna ba. Da saukar damina ake shuka shinkafa a busasshiyar fadama, sannan wajen watan Agusta ruwan kogin Haɗeja ya iso ya malale ko'ina, shinkafar ta riƙa tashi tare da shi. Idan ruwa ya fara ja da baya, masunta su bi shi da taru da ƙugiya da gora, suna kama tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu, manoma kuma su bi laimar da ya bari su shuka wake. Bayan an kwashe amfani sai Fulani su gangaro da shanunsu, su ci harawa da ɗanyar ciyawa, su bar mana taki. Ban taɓa jin wani ya kira wannan tsari da wani suna ba. Haka muka taso muka tarar, kamar yadda muka tarar da kasuwar mako.

A bayan garinmu akwai wani tafki mai zurfi wanda ba ya ƙafewa har bazara. Baffana shi ne sarkin ruwa, kuma dokarsa a kan tafkin ita ce ba a jefa masa ko ƙugiya ɗaya daga janyewar ruwa har zuwa ranar da zai sa a yi su, wato kamun kifi na gayya. A ranar, maza da mata da yara na ƙauyuka huɗu ko biyar sukan faɗa cikinsa gaba ɗaya, kowa ya fita da rabonsa, a banda wani a kai kasuwar Nguru, wani kuma a ci. A gefen tafkin mahaifina yana da ɗan lambun albasa da yake bai wa ruwa da jigo. Na ja jigon nan har tafin hannuna ya yi kanta, kuma na san iyakarsa: duk ƙarfin mutum, abin da zai ɗiba daga safe zuwa azahar bai kai ya rage wa tafki komai ba.

Ina ɗan shekara goma sha wani abu ruwa ya fara yi mana rowa. Fari ya auku a 1972 da 1973, sannan a 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, wadda aka gina a zamanin gwamna Audu Baƙo. Tun da abubuwan biyu suka zo a jere, dattawanmu sun daɗe suna musu a kan wanne ne ya hana ruwa isa gonakin da ya saba isa. Wasu suka ce daga sama ne, wasu suka ce an ɗaure kogi ne a can yamma. Farin 1984 ya zo ya ƙara dagula musun, ya kuma kore ni daga gida zuwa ci-rani.

A Kadawa na ga ruwan da idona. Ranar da na fara tsayawa a bakin babbar magudanar siminti, cikin tsakiyar rani, ruwa yana gudu a cikinta kamar ana damina, abin da ya fara zuwa raina shi ne, ashe nan ruwanmu ya tsaya. Amma da na yi shekara uku ina dashen tumatir da yankan alkama tare da mutanen Kura da Garun Malam da Bunkure, sai zafin ya ragu, domin na ga cewa su ma talakawa ne masu 'ya'ya kamar mu, kuma daga kogin nan ne ake tace ruwan da mutanen birnin Kano suke sha. Kogin bai ƙaru ba. Bakunan da ke jiransa ne suka ƙaru. Ƙidayar 1963 ta ce mutanen Nijeriya sun kai kimanin miliyan 56, ta 1991 ta ce kusan miliyan 89, ta 2006 kuma miliyan 140. Ko da yake babu ƙidayar da ba a yi gardama a kanta ba, ni ban buƙaci takarda ba, tun da a gidanmu na ga lissafin. Fadamar da kakana ya noma shi kaɗai, 'ya'yansa maza biyar suka raba, kuma a lokacin da nake ba da labari mu jikokinsa maza mun haura ashirin, kowannenmu yana son aure, kowannenmu yana kallon kadadar mahaifinsa yana auna abin da zai same shi.

Da wannan lissafi a kaina na sauka gida da injin. Mahaifina, da yake ni ne ɗansa na fari, ba ya kama sunana, sai dai ya ce, “Kai, wannan abin da me yake aiki?” Na ce, “Da fetur, Baba. Abin da jigo zai yi a mako, shi kafin la'asar ya gama.” Ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce in je in gaida Baffa in nuna masa. Na je na gaishe shi, amma ban nuna masa ba, domin na san abin da zai ce.

Lambun albasa ya yi wa burina kaɗan, saboda haka na nemi izinin mai unguwa na share kurmin da ke gabas da tafkin. Giyayya ce da bagaruwa da 'yan goruba, wurin da mata suke samun kaba ta saƙar tabarma, majema kuma suke aiko a tsinto musu 'ya'yan bagaruwa. Ban sha wahalar sharar ba, domin a lokacin manyan motoci suna shigowa neman itacen da za a kai gidajen burodi da na abinci a Kano, kuma kuɗin itacen da na sayar shi ya saya mini iri da taki da fetur na wata biyu. A raina na ɗauka dabara na yi, daji ya biya kuɗin sare kansa. Abin da ban lura da shi ba, ko kuma na ƙi lura, shi ne ta tsakiyar kurmin nan burtalin shanu ya ratsa zuwa mashaya.

Da sanyin hunturu ya kankama a watan Nuwamba na watsa alkama, na jefa tiyo a tafki. Kafin wata ya zagayo, mutum uku daga cikin 'yan uwana sun sayar da awaki da kwale-kwale sun sayo nasu injinan, kuma ba zan ga laifinsu ba, tun da abin da suka gani a gonata ba ƙarya ba ne: kore shar a lokacin da ko'ina ya bushe. Alkama ba ta haƙurin ƙishirwa, kusan duk mako sai an ba ta ruwa, saboda haka daga asuba har dare ba a jin komai a bakin tafkin sai ƙarar inji.

Wata safiya ina gyara hanyar ruwa sai ga Baffa da sandarsa. Bai yi mini magana ba tukuna. Ya gangara ya kafa kara a daidai bakin ruwa, ya hau ya zauna a kan kututturen wata giyayya da na sare. Bayan kwana uku ya dawo ya kira ni, ya nuna mini karan, wanda a lokacin yake tsaye a kan busasshen taɓo, taku biyu daga ruwa. Ya ce, “Ɗan nan, ruwan wa kake sha?” Na ce, “Baffa, ku gafarce ni, ai ruwan Allah ne, kuma ban taɓa kifi ko ɗaya ba.” Ya ce, “Gaskiya ne, ba ka taɓa kifi ba. Ɗakinsa kake kwashewa.” Na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata, amma na ce masa, “Baffa, da su na rana ɗaya za a yi mini lefe?” Har yau ina jin kunyar wannan magana, ko da yake har yau ban sami wanda ya ba ni amsarta ba. Shi ma bai amsa ba. Ikonsa a kan taru yake da ƙugiya. Babu wani sarkin ruwa kafinsa da ya taɓa gadar doka a kan tiyo, kuma da ya kai maganar gaban dagaci, aka tarar shi ma dagacin ya aika a sayo masa inji.

Fulanin da suka saba sauka a wurinmu sun iso a watan Janairu, suka tarar da alkama a kan hanyarsu. Ardonsu, wanda tun ina yaro yake kawo wa mahaifiyata man shanu, ya zo har zaure ya ce, “Malam, ta ina za mu bi?” Mahaifina ya rasa abin faɗi, ya dube ni. A ƙarshe aka yanke musu wata 'yar siririyar hanya ta gefen ƙaya, wadda garke ba zai bi ba tare da wata saniya ta kai baki gona ba, kuma daga wannan shekara aka fara biyan ɓarna tsakaninmu da mutanen da a da muke roƙonsu su kwana a gonakinmu saboda taki.

A watan Maris na yanke alkama, kuma ta yi kyau fiye da yadda na zata. Da kuɗinta na kai lefe, na rufa wa mahaifiyata ɗaki da kwano, na kuma biya wa ƙanena kuɗin makaranta a Haɗeja, kuma ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa na yi nadama a lokacin ba. Tafkin kuwa, kafin ranar da aka saba yin su, ya koma taɓo mai ɗan ruwa a tsakiya, yara suna tono tarwaɗa da hannu, shirwa da balbela suna kwasar ƙananan da suka mutu. Baffa bai sa an buga gangar su ba a wannan shekara. Ranar ɗaurin aurena shi ne ya karɓa mini aure a matsayin waliyyi, ya yi duk abin da uba yake yi, amma da na aika masa da buhun alkama ɗaya cikin waɗanda na ware wa dangi, sai ya sa aka mayar wa mahaifina, ya ce haƙoransa sun saba da tuwon shinkafa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin abin da ya biyo bayan kammala madatsar Challawa a 1992, lokacin da ruwa ya daina ƙafewa da rani a wasu magudanai, ciyawar kachala ta toshe su, ta cinye gonar alkamar nan tawa, tsuntsayen jan-baki kuma suka mai da ita gida.