Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Ranar da Na Sayi Waƙata

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda na sallami yaran da ke min kiɗa, na kwashe kayana daga shagon da nake haya a Asawase, na dawo da su ɗakin ƙofar gidanmu a Aboabo, nan Kumasi. Wasu sun aiko suna tambaya ko faɗa muka yi da yaran. Babu faɗa. Magidanta huɗu ba sa ci da wasa ɗaya a wata, iyakar maganar ke nan. Mai ganga ya koma koyon gyaran mota a Suame Magazine, yau kuma ya fi ni rufin asiri nesa ba kusa ba.

To, shekarar 2015 ce, dumsor na kan ganiyarsa. Kalmar Tonanci ce, wato harshen Asante, ma'anarta kashe-kunna, wanda ya raɗa ta kuwa bai yi ƙarya ba: a ɗauke wuta awa 24, a kawo ta awa 12. A rediyo ana ta bayanin ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, iskar gas da ke zuwa ta bututu daga Najeriya ba ta isa. Mu a Zango abin da muka sani kwanan tsakar gida da mafici. Ni kuwa aikina duka a kwamfuta yake. In wuta ta zo ƙarfe ɗaya na dare, ƙarfe ɗaya zan tashi in ɗauki jita. Daren ma ya fi min, don janaretocin unguwa sun yi shiru, sai in ɗauki murya kafin ladan ya kira assalatu.

Wani dare wutar ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Na ji wani ɗan ƙara, ƙyas, sai ƙauri. Kwamfutar ta tafi.

Ba ƙarfen ne ya dame ni ba, abin da ke cikinsa ne. Kasusuwana uku na shekarun 1990 da faifan CD biyu da na yi bayansu, duk a ciki na tara su. Ainihin kasusuwan tun wata daminar da rafin Aboabo ya shigo mana ɗaki suka lalace, na kuma yi ta cewa zan kwafi abin da ke kwamfutar in ajiye a wani wuri, gobe, jibi. Na kai ta Adum wurin masu gyara. Yaron ya buɗe, ya shinshina, ya ɗago ya ce, "Baba, sai haƙuri." Aikin shekara ashirin da wani abu, wanda babu kamfanin da ya taɓa sa min ko sisi a cikinsa. Ni na rubuta, ni na rera, ni na biya situdiyo, ni na yi ta yawo da kwali a ka daga kasuwar Kejetia zuwa Tamale ina bai wa masu shago bashi. A wannan ranar ban ci abinci ba. Uwar 'ya'yana ta ajiye min tuwo har ya huce, ta zo ta ɗauke ba ta ce komai ba.

Bayan kamar sati biyu ina ratsa Alabar zan je gaida wani ɗan'uwa mai sayar da goro, sai na ji jitata. Makaɗi ba ya ɓata hannunsa ko a cikin hayaniyar kasuwa. Na bi sautin har wani ɗan teburi ƙarƙashin lema, inda wani saurayi ke zaune da kwamfutar cinya yana tura wa mutane waƙoƙi a memori. Waƙar da na yi wa mahaifiyata ce, ta kaset ɗina na biyu.

Na ce, "Samari, waƙar wa ce wannan?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Wani tsohon mawaƙi ne, Alhaji. Ina jin ya rasu. Mata ne ke yawan tambayar ta."

Na leƙa allon. Babu sunana, an rubuta "tsoffin waƙoƙin Zango" kawai, da lambobi. Na ce ya buɗe min su ɗaya bayan ɗaya. Goma sha bakwai daga ciki nawa ne. Wasu an ɗauko su daga kaset ɗin da ya sha rana, muryar tana lilo kamar ta mai maye. Ɗaya ma daga rediyo aka naɗe ta, ana jin mai gabatarwa yana gaida masu sauraro a tsakiya.

Shekaru na yi ina tsine wa irin waɗannan yara. A taron mawaƙa ni ne mai tashi in ce ɓarayi ne, akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2005, me ya sa ba a kama su. Yau ga ni tsaye gaban ɗaya daga cikinsu, kuma ba don shi ba da waƙar mahaifiyata ta bar duniya. Har yanzu ban ce abin da suke yi halal ba ne. Amma na zaro kuɗi na biya shi, ya tura min waƙoƙina a waya, ya ƙara min biyu na wani mawaƙin Kano gyara. Ban gaya masa ko ni wane ne ba. Marigayi ba ya gardama.

Maganarsa ɗaya ce ta bi ni gida: mata ne ke yawan tambayar ta.

A nan sai na koma baya kaɗan, don waɗanda ba su karanta kashi na 4 ba. Mahaifina malami ne, yana da makarantar allo a zaure. Ranar da ya gano jitar da na ɓoye a bayan buhun gawayi bai doke ni ba, cewa ya yi, "Ɗan malam zai zama maroƙi." Na rantse masa cewa ko zan yi waƙa, ba zan taɓa kiran sunan wani don ya ba ni kuɗi ba. Na riƙe wannan alkawari har bayan ransa. Ina waƙar zaman Zango, waƙar 'yan ci-rani, waƙar kayayo, mata masu dako da ke kwana a bakin shaguna, amma ban yi wa Alhaji ba, ban yi wa ɗan siyasa ba, ko a zaɓen da aka zo har gida da ambulan. In faɗi gaskiya, alkawarin ya rikiɗe ya zama girman kai. Ina kallon masu waƙar biki a matsayin waɗanda ba su kai ni ba.

Ana nan sai Magajiyar unguwarmu ta aiko a kira ni. Dattijuwa ce, ƙawar mahaifiyata, ta yi shekaru tana sayar da shinkafa da wake a bakin tasha har ta je Makka da kuɗin. Na same ta a kan darduma, na durƙusa.

"Ɗan Malam, an ce injinka ya ƙone."

"Haka Allah ya so, Hajiya."

"Jikata za ta yi aure bayan Babbar Sallah. Waƙa nake so. Ba ta Kano ba, ba ta Indiya ba, tamu. Zan ba ka miliyan biyar."

Kada matasa su zaro ido. Tun watan Yulin 2007 aka canja kuɗi, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, amma iyayenmu mata ba su taɓa amincewa da wannan lissafi ba. Miliyan biyar ɗinta sidi 500 ne. A lokacin kuwa ko rabinsu ba ni da shi.

Na sunkuyar da kai na kawo mata zancen alkawarin. Ta saurare ni har na gama, tana jan carbi. Sannan ta ce, "Ni na yi wa uwarka rakiya ɗakin ubanka. Ranar an yi kiɗa, an kira sunan kakanninka ɗaya bayan ɗaya, Malam yana zaure yana jin komai, bai hana ba. Roƙo shi ne ka bi mutum da abin da bai tambaye ka ba. Ni na kira ka. In tela ya ɗinka min yayi, maroƙi ne?"

Ban sami amsa ba. Ban ce ta gamsar da ni a ranar ba, yunwa ma ta taya ta magana. Na karɓi rabin kuɗin, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Washegari aka kawo min takarda, sunaye arba'in da ɗaya. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Kwana tara na yi a kansa, kuma ban taɓa rubutun da ya gwada ni kamarsa ba. Suna ba ya lanƙwasuwa. Kalma in ta ƙi shiga kiɗa sai ka canja ta da 'yar'uwarta, amma ba ka isa ka gajarta sunan gwaggon amarya ba, ba ka isa ka ja wasalin da ba a ja, don a Hausa da ka karya sautin suna ka kira wani mutum dabam. Ga laƙabi: wadda ta je Makka dole a ce Hajiya, in ka tsallake ka jawo gaba. Ga jeri, wanda shi ne ainihin siyasar. Dangin uba kafin dangin uwa, amma uwar da ta haifa ba a kai ta ƙarshe. Kishiyoyi biyu ba a haɗa su a baiti ɗaya, ba a kuma bai wa ɗaya layi biyu ɗaya layi guda. Dangin ango Dagomba ne, sai na nemi wanda ya koya min gaisuwarsu na saka. Ƙawayen uwar amarya na kasuwa Tonawa ne, su ma na ba su layi da harshensu. Sai da na koma wurin Hajiya sau uku ina tambayar wace ce wannan, me ya haɗa ta da waccan. A nan na ji wadda ta shayar da amarya lokacin da uwarta ke jinya, da wadda ta sayar da zannuwanta aka biya kuɗin makaranta. Na shekara hamsin a unguwar nan ina cewa ni mawaƙin Zango ne, ashe rabin labarin Zangon yana cikin gida, inda ban taɓa zama na saurara ba.

Muryata ma ta sauka. Inda nake hawa da ina ɗan talatin ya fi ƙarfina, in na matsa sai tari. Na sassauta wayoyin jita, na mayar da waƙar ƙasa, na bar amshi ga 'yata ta biyu da ƙawarta. A situdiyon wani yaro a Tafo muka ɗauka, da janareta, ni na sayi man.

Ranar biki ban shiga fili ba. Na tsaya nesa bayan kanofi, kusa da masu tsire. Da mai kiɗa ya saki waƙar, sai na ga abin da ban taɓa gani ba a duk wasannin da na yi a kan dandamali. Duk wadda aka kira sai ta miƙe, 'yan layinta su yi guɗa. Da aka zo kan baitin wadda ta shayar da amarya, tsohuwar ba ta tashi ba, rufe fuska ta yi da mayafi, amaryar ta baro kujera ta zo ta faɗa jikinta. Sau shida aka maimaita waƙar kafin magariba.

Kafin wata ya ƙare an kira ni daga Nima, an kira ni daga Tamale. Daga baya sai WhatsApp ya zama shagona. A turo sunaye da saƙon murya don in ji yadda ake furta su, a turo rabin kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, in tura waƙa, a cika. 'Yan Zangon da ke Hamburg da Bronx su ne suka fi biya, su ne kuma suka fi naci, sai an ambaci layin gidansu na Aboabo ko Sabon Zango, wani har da sunan masallacin da ya yi karatun allo. Na sayi wata kwamfutar, na sayi abin daidaita wuta, kuma tun daga nan duk waƙar da na gama sai na ajiye ta wuri uku. Wani tsohon abokin sana'a ya haɗu da ni a masallacin Juma'a ya ce, "Ashe kai ma ka shigo roƙo." Na ce masa na shigo. Abin ya yi min zafi kwana biyu. Wani zubin har yau in na wuce zauren Malam sai in ji kamar ana kallona.

Haka muka tafi shekara huɗu da wani abu. Sai ranar 15 ga Maris 2020 Shugaba Akufo-Addo ya fito a talabijin ya hana taruka saboda korona, har da sallar jam'i. Ranar 30 ga wata aka rufe Kumasi da Akra na sati uku. Bukukuwa biyar da na karɓi kafin alƙalami a kansu duk aka ɗaga, biyu suka nemi a mayar musu da kuɗinsu, kuɗin da tuni ya zama shinkafa da kuɗin makaranta. Azumin shekarar a gida muka yi tarawihi, ni ne liman, mata da yara a bayana. Hajiya Magajiya ba ta ga ƙarshen shekarar ba, Allah ya jiƙanta da rahama.

Wajen ƙarshen shekarar ne yaran Kumasi suka ɓarke da wani sabon kiɗa da suke kira asakaa, har suna kiran garin Kumerica. Ni ban ɗauke shi kiɗa ba, ina jin sa dai yana dukan bango daga ɗakin samarin gidanmu. Wata ranar Lahadi bayan la'asar ina zaune ina canja wayar jita, sai autata ta shigo da gudu, ko sallama babu, ta miƙo min waya.

"Baba, saurara. Wannan ba hannunka ba ne?"

Na kara a kunne. Ƙarƙashin wannan rugugin gangunan, ga jitar waƙar mahaifiyata, da lilon nan na kaset ɗin da ya sha rana. Irin wadda ke teburin Alabar ce sak. Na dubi lambar da ke ƙasan bidiyon, na ce ta karanta min, don na ɗauka idona ne.

Yadda na nemo yaron, da abin da uwarsa ta ce da ta gan ni a ƙofar gidansu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.