Gas ɗin da muke saki a iska

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai gyaran firji ya san ƙarar nan da bututu yake yi idan aka datse shi da filaya. Gas ya fito da huci, wurin ya yi fari da sanyi, bayan minti ɗaya shiru. Da wannan ƙarar na tashi a sana'a. Maigidan da ya koya mini aiki a nan Agege, wani dattijo Bayarabe, Allah ya jiƙansa, haka yake yi, haka ya koya mana, kuma babu wanda ya taɓa ce masa laifi ne.

Yau ina da nawa shagon kusa da layin dogo. Mu biyar ne, ni da ƙanena mai riƙe littafin kuɗi da yara uku masu koyon aiki. Muna gyara firji da firiza da esi, wani lokaci a kira mu ɗakin sanyi na masu kifi a Ijora ko na mahauta a Oko-Oba. A Legas sanyi jari ne. Matar da ke ƙulla zoɓo da kunun aya, idan firizarta ta tsaya kwana biyu, kuɗin makarantar yaranta ne ya narke.

Lokacin da na fara, gas ɗin firji R12 ne, mai farar tukunya, na esi kuma R22, mai koriya. Ba su kama wuta, ba su da wari, shi ya sa muke ganin ba su da illa. Sai daga baya, a wani taron horaswa na masu sana'armu, na ji abin da suke yi a sama. Akwai wani lulluɓi na iskar ozon can nesa da ƙasa, shi yake tace zafin hasken rana mai ƙona fata, mai kawo yanar ido da ciwon dajin fata, mai lalata shuka. Sinadarin kulorin da ke cikin waɗannan gas ɗin yana hawa har can, kuma ƙwaya ɗaya tasa tana iya wargaza dubban ƙwayoyin ozon kafin ta gama aiki. A 1985 masana daga Ingila suka gano lulluɓin ya yi mummunan sirancewa a saman Antatika. A 1987 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal, Najeriya ta shiga a 1988. Na zauna a wurin ina lissafin bututu nawa na datse da hannuna, lissafin ya ƙi ƙarewa.

Dokar ta iso mu ne ta kasuwa kafin ta iso mu a takarda. Daga 2010 aka rufe shigo da R12 da 'yan uwansa a ƙasashe irin namu, hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, kuma ta fitar da ƙa'idojin kare ozon tun 2009. Farar tukunya ta ɓace daga Alaba, R134a ya maye gurbinta. Nan aka yi asarar kwamfuresa, wato injin da ke tura gas a cikin firji, ba adadi, domin man da R12 yake tafiya da shi daban ne da wanda R134a yake so. Mai gyaran da bai sani ba sai ya ɗura sabon gas kan tsohon mai, firjin ya yi 'yan makonni ya mutu, mai kaya ya ce an cuce shi. Yanzu R22 ne a kan layi. Ana rage shigo da shi mataki-mataki, kuma a 2030 ya kamata a kusan gama da shi. Su ma R134a da R410A na esi, duk da ba su taɓa ozon, suna ɗumama duniya, shi ya sa aka yi wa yarjejeniyar Montreal gyara a Kigali a 2016 don a rage su.

Sababbin firji yawanci R600a suke sha, kuma shi wannan ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. Kaɗan ake sawa, da sikeli ake auna shi giram-giram, ba da ido ba. Abu na farko da nake gaya wa sabon yaro shi ne ya karanta lambar da ke jikin kwamfuresa kafin ya kunna wutar walda. Wanda bai iya wannan ba, ba ya taɓa tocilar walda a shagona ko ɗan wane ne.

Inda na fi shan wahala shi ne maganar yoyo. Esi ba ya cinye gas kamar yadda mota take shan mai. Idan ya ragu, to akwai huji. A Lekki da Victoria Island iskar teku mai gishiri tana cin bututun waje, sai ka ga na'urar da ba ta tsufa ba tana zuba. Wani Alhaji da nake wa aiki a Obalende ya kira ni kwanaki ya ce, "Malam, ka ƙara mini gas kawai, ina da baƙi gobe." Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, idan na ƙara yau, kafin wata shida ya tsiyaye. Bari in nemo hujin in toshe, in gwada da nitrojin, sannan in ɗura." Ya ce wancan yaron da yake zuwa ba ya wannan dogon zance. Gaskiya ne, wancan yaron ya fi ni samun kuɗi a gidan, domin duk wata shida sai an kira shi. Alhaji ya yarda daga baya, amma da yawa ba su yarda, kuma na rasa gidaje a kan haka.

Ga kuma ƙaura. 'Yan haya a Legas kullum cikin tashi suke, kowa da esinsa. Akwai hanyar da ake mayar da gas ɗin duka cikin na'urar waje kafin a kwance bututu, aikin minti biyar ne da makulli ɗaya. Amma sau nawa na ga an kwance goro kawai an bar shi ya huce, don a sake sayar wa mai gida sabon gas a sabon gida.

Abin da ya sa nake ganin doka a bakin tashar jirgin ruwa ta Apapa kaɗai ba ta isa ba ke nan. Kwastan na iya tare tukunya da tsohon firji, amma gas ɗin da ya riga ya shiga gidaje da shaguna, a hannunmu yake fita. Na ji cewa a Amurka jihar Oregon ce ta fara hana gwangwanin feshi mai irin wannan gas a 1975, kafin gwamnatin tarayyarsu ta bi sahu a 1978. Legas ma ta nuna tana iyawa, a farkon 2024 ta hana farar robar nan ta zuba abinci ba tare da jiran Abuja ba. Ina so majalisar jiha ta yi doka a kan sakin gas a iska, hukumar kare muhalli ta jiha, LASEPA, ta sa ido, a ba masu gyara takardar shaida bayan gwaji na hannu, ba na biro ba, domin da yawa daga cikin ƙwararrunmu ba su yi boko mai nisa ba. Amma kada a kawo tara kafin a kawo kayan aiki. Injin zuƙo gas yana da tsada ga mai ƙaramin shago, ni sai da na yi adashi kafin na mallaki nawa. In za a ajiye irinsa a Agege da Mushin da Ajegunle, mutum ya ara ya dawo da shi, rabin hucin nan zai daina.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya ce lulluɓin ozon yana warkewa, zuwa 2040 zai koma yadda yake a 1980 a yawancin duniya, na Antatika sai wajen 2066. Na karanta wa yarana wannan a shago, ƙaraminsu ya ce, "Maigida, to wancan da muka tara fa?"

Tukwane uku yake nufi, suna bayan shago a inuwa. Gas ne da muka zuƙo daga tsofaffin na'urori, ya gauraye, ba ya sake ɗuruwa a komai. Na tambaya a wurare da dama inda ake karɓar irinsa a lalata shi, har yanzu ban samu wanda ya ce in kawo ba. Na rubuta kwanan wata a jikin kowace, na ɗaure bakinsu da kyau, kuma ranar Asabar zan shiga Alaba in sayo ta huɗu.