Yadda Muke Auna Abincin da Ke Salwanta Tsakanin Gona da Mai Saye

Idan aka tambaye ni abin da kamfaninmu yake sayarwa, nakan ce awo da lissafi. Mu shida ne, kuma aikinmu shi ne mu bi kayan abinci tun daga ranar girbi har zuwa hannun mai saye, mu gano yawan abin da ya salwanta, da matakin da ya salwanta, da dalilin salwantarsa. Masu ɗaukar mu aiki ƙungiyoyin manoma ne, da masu rumbunan ajiya, da 'yan sari, da manyan kantuna, wani lokaci har da gidajen sayar da abinci. Kayan aikinmu kaɗan ne: sikelin ratayawa, da sikelin ƙasa mai ɗaukar buhu, da na'urar gwada danshin hatsi, da ma'aunin zafi, da tamfol, da littafin da muke rubuta kowane awo tare da ranarsa da sa'arsa.

Kusan duk wanda ya zo wurinmu yakan zo da adadi ɗaya a bakinsa, wato sulusin abincin duniya yana salwanta. Wannan adadi ya fito ne daga rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar a shekarar 2011, inda ta ƙiyasta asarar da kimanin tan biliyan 1.3 a shekara. Rahoton ya farkar da mutane ƙwarai, har a 2015 Majalisar ta sanya cikin muradun ci gaba mai ɗorewa cewa zuwa 2030 a rage rabin abincin da ake zubarwa a kantuna da wurin masu ci. Daga baya aka raba lissafin gida biyu. A 2019 FAO ta ce kimanin kashi 14 cikin 100 na abinci yana lalacewa daga bayan girbi zuwa gab da shigarsa kanti, sannan a 2024 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar, wato UNEP, ta ce an zubar da tan biliyan 1.05 a shekarar 2022, kuma kashi 60 cikin 100 na wannan daga gidajen mutane ya fito. Ina girmama waɗannan alƙaluma, amma nakan gaya wa abokin hulɗa tun a zaman farko cewa babu ko ɗaya a cikinsu da zai faɗa masa abin da ke faruwa a rumbunsa.

Abu na farko da muke yi, kafin mu ɗora komai a sikeli, shi ne mu daidaita da mai kaya a kan abin da za a kira asara, domin a nan yawancin gardama take ɓuya. Rahoton 2011 ya ƙirga abincin da aka noma domin mutane amma ya ƙare a bakin dabbobi a matsayin asara, alhali ma'aunin da FAO take amfani da shi yanzu ba ya ƙirga shi, haka kuma lissafin UNEP ya haɗa har da ɓawo da ƙashi waɗanda ba a ci. Saboda haka wanda ya jera alƙaluman nan kafaɗa da kafaɗa ya ce asara ta ragu ko ta ƙaru, ya kwatanta abubuwan da ba jinsi ɗaya ba. Mu muna bin ƙa'idar auna asarar abinci da aka ƙaddamar a birnin Kofenhagen na ƙasar Denmark a 2016, wadda cibiyar bincike kan albarkatun duniya mai suna WRI ta jagoranci tsarawa tare da FAO da UNEP da wasu. Ta wajabta a bayyana abu huɗu a rubuce: tsawon lokacin awon, da irin abin da aka auna, ko ɓangaren da ake ci kaɗai ko har da wanda ba a ci, da inda abin ya ƙare, ko juji ko taki ko abincin dabbobi, da kuma iyakar binciken, wato wane kaya, a wane wuri, a wane mataki.

Bayan nan sai sikeli, kuma a nan ne gani yake korar ji. Tambayar mutane ta fi sauƙi da araha, amma na daɗe da lura cewa amsarsu takan karkata: manomin da ke sa ran tallafi yakan ƙara, mai kantin da ke tsoron zubewar mutunci yakan rage, uwar gida kuwa takan manta da ragowar da ta kankare daga tukunya domin a wurinta wannan ba zubarwa ba ce. Ba kullum ne ƙarya suke yi ba, wani lokaci ƙwaƙwalwa ce ba ta riƙe abin da ke tafiya kaɗan-kaɗan. Don haka idan motar tumatir za ta iso da asuba, mukan riga ta isa wurin sauke kaya, mu zaɓi kwanduna daga sama da tsakiya da ƙasan lodi, mu zazzage kowanne a kan tamfol, mu ware shi kashi uku: lafiyayye, da wanda ya bugu amma zai sayu a farashi mai rauni, da wanda ya fashe ya fara tsami. Mukan auna kowane kashi daban, mu cire nauyin kwandon. Kashi na tsakiya shi ne wanda na fi damuwa da shi, domin ba ya shiga juji, saboda haka ba ya bayyana a lissafin nauyi, amma a aljihun mai kaya asara ce sosai. Shi ya sa rahotonmu yake da layi biyu, ɗaya na nauyi, ɗaya na daraja.

Hatsi kuma yana da nasa tarkon, wato ruwa. A ce an girbe masara kilo 100 da danshi kashi 20 cikin 100, aka shanya ta har danshin ya sauka zuwa kashi 13. Za ta koma kusan kilo 92 ba tare da ko ƙwaya ɗaya ta ɓata ba, domin kilo 8 ɗin nan ruwa ne ya tashi. Wanda bai gwada danshi ba zai rubuta asarar kashi 8, ya zargi ma'aikatansa a banza. Akasin haka ma yana faruwa, inda hatsin da ƙwari suka cinye cikinsa ya sha laima a sito ya ƙara nauyi, asarar ta ɓoye. Maganin wannan shi ne a mayar da kowane awo zuwa danshi ɗaya, sannan a ɗebi samfuri daga wurare daban-daban a cikin buhu, a ware ƙwayoyin da aka huda da lafiyayyu, a ƙirga kowanne, a auna, a fitar da bambancin. Aiki ne mai cin lokaci da ido, amma ban san wata gajeriyar hanya da zan amince da ita ba.

Haɗa matakai ma yana buƙatar kula. Idan kaya ya yi asarar kashi 10 a gona, da kashi 10 a hanya, da kashi 10 a kasuwa, jimillar ba 30 ba ce, domin kowane kashi ana cire shi ne daga abin da ya rage: 100 ya koma 90, ya koma 81, ya koma 72.9, wato asarar kashi 27.1.

Amma abin da ya fi komai muhimmanci a sana'ar nan shi ne sanin cewa wurin da asara ta bayyana ba lallai ne ya zama wurin da aka haife ta ba. Wani ɗan sari ya taɓa ɗaukar mu aiki yana da yaƙinin cewa direbansa ne ke lalata masa kayan lambu da gudu a kan mummunar hanya. Muka bi lodi uku daga gona, muka sa ma'aunin zafi a tsakiyar kaya, sai muka tarar ana tsinkar kayan da tsakar rana, a tara su a fili suna jiran mota har la'asar, sannan a cika kwanduna su yi tozo a ɗora wani kan wani. Kafin mota ta tashi, zafi ya riga ya shiga kayan, nauyin na sama kuma ya danne na ƙasa. Na ce masa, “Yallaɓai, ruwa ba ya tsami banza, amma wannan tsamin a gona ya fara, direba gawa kawai yake ɗaukowa.” Aka koma tsinka da sanyin safiya, aka kafa rumfa, aka daina cika kwando fiye da bakinsa, kuma da muka sake awo a zagaye na gaba, tulin fasasshen da ke kan tamfol ya ragu yadda shi kansa ya gani kafin mu faɗi adadi.

Wahalar da ta rage ita ce ta mutane. Ma'aikacin sito ko na kicin da ya ga baƙo da sikeli a bakin kwandon shara yakan ɗauka laifinsa ake nema, sai ya ɓoye abin da ya lalace ko ya yi taka-tsantsan na kwana biyu wanda ba halinsa na kullum ba ne. Saboda haka sharaɗinmu ga duk mai kamfani shi ne ba za mu rubuta sunan ma'aikaci a rahoto ba, kuma ba ma dogara da awon kwanakin farko. Mukan kuma ƙi yin awo a mako ɗaya mu ce shi ne na shekara, domin lokacin zafi daban ne da na sanyi, lokacin da kaya ya yi yawa a kasuwa daban ne da lokacin ƙarancinsa. A shafin farko na kowane rahoto muna rubuta ranakun da muka auna, da yawan samfurin da muka ɗiba, da abin da muka ƙirga da wanda muka bari, sannan mu sa ranar da za mu dawo da sikelin nan mu sake aunawa a wuri ɗaya.